Furen Kuɓewar Nomau

Nomau mutumin Jiratawa ne, gajere, mai taurin kai kamar jakin da ya ga rafi. A zamanin mulkin Faransa shi ne mai ban-ruwan garkar lakwal, wato makarantar boko, ta Maraɗi. Shekara tara yana jan guga, kuma kuɓewar da yake nomawa ita ce miyar 'yan lakwal arba'in da aka kwaso daga ƙauyuka, suke kwana a can nesa da iyayensu.

Wata bazara Madam, matar Baturen da ke shugabancin lakwal, ta ce yara za su ɗaura furanni dami-dami, a sayar wa Turawan gari ranar bikin da ake yi makonni kaɗan kafin tashin makaranta. Irin furen da ta sa aka shuka daga ƙasarsu ya zo. Ranar Maraɗi ta gasa shi tun bai kai taƙi ba. Saura kwana ɗaya biki, idonta ya faɗa kan kuɓewar Nomau, ta yi fure rawaya gwanin kyau. Ta sa malamin aji, Mushe Ilyasu (Mushe shi ne Malam da Faransanci), ya gaya masa gobe da safe yara za su tsinke su duka.

Ran Nomau ya ɓaci. Ko yaron goye a Jiratawa ya san wanda ya tsinke fure ya kashe ɗa.

"Mushe, gaya mata hure ba a miya da shi," in ji Nomau. "In an tsinke, mi yaran ga za su ci? Tuwo gaya?"

"Baba Nomau, ka rufa wa kanka asiri. Aikinka fa!"

"Ba da shi aka haihe ni ba."

Da safe yara suka zo da kwanduna, suka tarar da shi zaune a bakin garka, hauya a kan gwiwa. Bai tsawata musu ba. Ya ƙulle ƙofa, ya sa su gaba har bayan gari, inda tumfafiya ta yi fure fari da shuni, ba mai ko kallonta. Ya gargaɗe su kada ruwanta ya shiga ido, ya nuna musu yadda ake ɗauri da kaba.

Turawa kuwa, Allah mai iko, suka saye tas, har suna rububi. Matan garin Tsibiri da suka zo kallo suka yi dariya har da hawaye: yau ga tumfafiyar juji a kan tebur!

Madam ba ta yi dariya ba. Kafin la'asar mijinta ya kori Nomau saboda ƙin bin umarni. Ya saɓa hauyarsa ya kama hanyar Jiratawa, bai roƙi kowa ba, ko da yake abin ya ci masa rai ƙwarai.

Bayan mako guda kuɓewa ta yi 'ya'ya. Yara suka sha miya har ranar da aka sallame su hutu. Nomau, da ya ba ta ruwa, bai ɗanɗana ko ɗaya ba.