Na Mayar Da Takardar Halartar Taro Takardar Koke

Edita, a shekarun baya ni tela ne a wata sabuwar unguwa da ke gefen garin Gombe, kuma sakataren ƙungiyar iyaye da malamai ta firamaren gwamnatinmu. Ba don ilimi aka ba ni muƙamin ba, rubutuna ne kawai yake karantuwa. Amma kaina ya kumbura, har jaka nake ratayawa in za ni taro.

Sanda na tare, makarantar aji biyu ce a tsakiyar gonakin dawa. Kafin mu farga tsadar haya ta koro mutane daga Tudun Wada da cikin gari, gidaje suka cinye gonaki, yara suka cika aji har wasu ta taga suke ɗaukar darasi. Shugabar makarantar wata dattijuwa ce Kirista daga kudancin jiha, kowa Mama yake ce mata. Ta kafe cewa filin da ya rage na sababbin azuzuwa ne. Shugaban ƙungiyarmu kuwa da wasu manyan unguwa biyu shaguna suke so a jera a wurin. Ta ce musu muddin tana kan kujerar, ko bulo ɗaya ba za a sauke ba.

Wata Asabar muka kira taro kan ƙarancin benci. Iyaye suka cika, kowa ya sa hannu a takardar halarta kamar kullum, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Da aka watse shugabanmu ya ja ni gefe, ya ce in yanke kan takardar in liƙa ta a bayan koken da shi da manyan unguwar nan suka rubuta, wai iyaye sun gaji da Mama, tana raina addininmu. Wallahi ban taɓa jin ta raina kowa ba. Ya ce shagon farko nawa ne. Na yanke, na liƙa, da ƙafata na kai ofishin ilimi.

Wata bai cika ba aka mayar da Mama wani ƙauye mai nisa. Ranar tafiyarta ta tsaya a ƙofar ɗakin ɗinkina, ta ce an nuna mata takardar. Ta ce canjin wurin bai dame ta ba, yatsun da matan nan suka dangwala a takardar ne suka hana ta sukuni, matan da ta koya wa 'ya'yansu karatu. Ta tambaye ni, tunda ni na san su, ashe haka suka tsane ta? Na sunkuyar da kai a kan keke na ce ban sani ba. Tir da ni!

Shaguna sun tashi, ko ɗaya ban samu ba, yara kuwa yanzu a gindin dalbejiya ake koya musu. Na yi ta cewa gobe zan je in faɗa mata gaskiya, har bara na ji ta rasu.

Jama'a, kada ku sa hannu a takardar da ba ku ga kanta da ƙarshenta ba. Wanda kuma aka ba amanar sunayen mutane ya ji tsoron Allah. Baiwar Allahn nan ta tafi kabari tana zaton unguwa guda ta ƙi ta, alhali mu huɗu ne kacal.