Rogon Birin Uwani

Uwani Bafulatana ce, haifaffiyar wata ruga kusa da Rawayya. Aure ne ya kai ta gefen Kucheri, gidan Jibo makiyayi, inda take tallar nono zuwa kasuwar Tsafe, suna ɗan noman gero bayan ruga.

A daminar 1997 ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Da rani ya tsananta Jibo ya kora shanu kudu neman ciyawa, ya bar ta da yara uku da tsohuwarsa, Inna Hafsat. Kafin bazara rumbu ya koma fanko, Jibo kuma shiru, ko saƙo babu. Suka ci dusa, suka ci tafasa busasshiya, har ita ma ta ƙare.

"Mi za mu ba ɗiyan nan?" in ji Inna Hafsat wata safiya.

"Dutse zan hau, Inna. Rogon biri zan tono."

Tsohuwa ta san rogon biri sarai. Doyar daji ce mai ɗaci da dafi, ba a cin ta sai an yayyanka, an dafa, an jiƙa a ruwa kwana da kwanaki.

Uwani ta ɗauki dagi ta shiga duwatsu. Ganyen ya bushe tuntuni, sai dai ta bi sauran igiyarsa da ta nannaɗe ƙaya har zuwa gindi. Ko'ina ramuka ne, wasu mayunwatan sun riga ta. Can cikin wani kwazazzabo ta samu wanda ba a taɓa ba. Ƙasa kamar ƙarfe. Ta tona har tafin hannunta ya fashe, kafin ta cika rabin kwando.

Sai matsalar ruwa. Rafi ya ƙafe, dole ta haƙa yashi ta tara ɗan abin da ya tsattsafo, ta jiƙa a tukunya tana sauyawa. Yara suka kewaye tukunyar. Autar ma ta daina kuka, ido kawai take bin uwar da shi.

"Ki ba su hakanan," in ji tsohuwa. "Yunwa ba ta jira."

"Bai yi ba, Inna. Bari in fara ci, in ban faɗi ba sai su ci."

Ta ci yanka biyu. Kafin la'asar duniya ta soma juya mata, ga amai, ga makyarkyata, harshenta ya yi nauyi. Tana kwance tana roƙon tsohuwa ta ɗauke tukunyar daga gaban yara. Inna Hafsat ta zauna a kan murfin, tana ɗura mata ruwan tsamiya tana salati.

Allah ya yi da sauran kwana. Da ta iya miƙewa ta ci gaba da sauya ruwan har ɗacin ya fita, ta shanya, ta daka, ta tuƙa musu tuwo. Da shi suka rayu har ruwan farko, kullum tana ƙara nisa cikin duwatsu.

Inna Hafsat ba ta ga daminar ba. Ashe rabonta take tura wa jikoki ta ce ta ƙoshi. Da Jibo ya dawo da 'yan shanun da suka rage, Uwani ce ta tare shi a bakin ruga ta faɗa masa, sannan ta kai shi ya ga kabarin.