Shirun da ke cikin injin Baba Gaston

Har yau ranar da na kai jirgin Baba Gaston birnin Lyon ba ta fita raina ba. Lokacin ban daɗe da kama aiki ba a wani shago na Paris da ke sayar da ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda manya ke shimfiɗa wa layi a ɗaki su yi ta kallo. Ni ne mai gyara. Karatun lantarki ya kawo ni daga Damagaram, kuma kafin in zo Faransa ban taɓa sa ƙafa a jirgin ƙasa ba. 'Yan'uwa a unguwar Belleville sun sha yi min tsiya, wai na tsallako teku don in gyara kayan wasan tsofaffi.

Wata Asabar a watan Mayu wata mata, Madam Odile, ta shigo da akwati a rungume. A ciki akwai otoray, wato jirgi mai tarago ɗaya da injinsa a jikinsa, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Ta ce mahaifinta, Gaston, irinsa ya tuƙa har ya yi ritaya, kuma da hannunsa ya ƙera wannan da tagulla. Yanzu idonsa ya tafi, ya daina shiga ɗakin jiragen. Tana so a sa masa murya, ko zai gane jirginsa da kunne. Kada a gaya masa, ta ce, ranar haihuwarsa za ta ba shi, in kai musu gida a Lyon.

Ga wanda bai san aikin ba, muryar tana cikin wani ɗan allo ne da muke kira dekoda, bai fi kan yatsa ba. Shi ke karɓar umarni ta layin dogo ya juya 'yar motar lantarkin da ke jan jirgin, shi kuma ke riƙe da sautin da aka naɗo daga jirgi na gaske. Sai ka duba ko zai shiga wurin, ka duba ƙarfin motar, sannan ka zaɓi sautin da ya dace da lambar da ke jikin jirgin. Wannan jirgin tsoho ne, ba shi da wurin jonawa, dole na raba motar da ƙarfen jiki, na liƙa wayoyi da dalma ɗaya bayan ɗaya. Lasifika kuma ba ta magana sai da ƙofa, don haka na huda ƙasan jirgin da mutum ya yi shekaru yana gogewa.

Na ɗora sautin daga kwamfuta, na gwada. Injin ya yi tari ya tashi, daɗi ya kama ni. Amma da jirgin ya fara gudu sai muryar ta yanke ɗif, ta dawo, can gaba ta sake yankewa. Na goge layi, na goge ƙafafu, na sake liƙa wayoyi, na canja lasifika. Ba abin da ya sauya. A kundin sautukan da ke kwamfutar akwai sautin wani jirgi na baya-bayan nan, sumul, ba yankewa, sai dai ba nasa ba ne. Maigidana Thierry yana wajen baje koli a Jamus, da na kira shi sai ya ce yana cikin hayaniya, in yi abin da na ga ya dace.

Na naɗi sautin a waya na kunna wa mutanenmu a gidan abinci. Malam Habu ya ce injin niƙa ne man ya ƙare, aka yi ta dariya. Ina cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai wani abu ya faɗo min: duk sanda muryar ta yanke, fitilar jirgin ba ta ko ƙyaftawa, kuma kullum a gudu iri ɗaya take yankewa. Na tuna kamiyon, babbar motar da ke ɗauke mu zuwa Tanut, yadda yake yin shiru in direba zai canja giya. To amma jirgin ƙasa da giya kamar mota? Ban sani ba. Na bar sautin yadda yake, na hau jirgin Lyon.

Madam Odile ta riƙo hannun tsohon ta zaunar da shi gaban layin. Na ɗora jirgin, na danna maɓallin sauti. Injin ya tashi. Fuskar Baba Gaston ba ta nuna min komai ba. Na murɗa, jirgin ya ja, ya ƙara gudu, sai ga shirun nan. Madam Odile ta juyo ta dube ni, ni kuma na ji gumi yana bin bayana.

Cikin shirun ne hannun daman tsohon ya tashi daga gwiwarsa, ya kama wani abu a iska ya tura gaba. Injin ya dawo daidai lokacin. Da shiru na biyu ya zo ya sake yi, leɓɓansa suna motsi.

"Wa ke tuƙa ta?" ya tambaya.

Na ce ni ne, Baba.

"Ka cika saurin sa giya ta biyu, yaro. Da fasinja a ciki, a kan hawa, da ta mutu maka."

'Yarsa ta fita da sauri tana share ido. Ni kuma na zauna kusa da shi ina rage saurin tashin jirgin a dekoda, ina gwadawa, yana cewa a'a, har ya ce yawwa. Sannan ya miƙo hannu na ɗora masa na'urar tuƙin.

Shi ya sa duk wanda ya zo koyon aiki wurina nake gaya masa abu ɗaya. Masu kawo mana waɗannan jiragen ba sautin da ya fi daɗi suke nema ba, wanda suka sani suke nema, har da tarinsa da yankewarsa. In ka ji shiru a cikin inji kada ka yi saurin ɗauko dalma. Da na share wancan, da Baba Gaston bai sami inda zai sa hannunsa ba.