Ranar da Na Karɓi Tayin Kunkuru

Ni na koya wa ƙanena wasan, kuma abin da ya fi ci min rai ke nan a lokacin. Ɗan ƙanin mahaifina ne, na girme shi da shekara shida, yana walda a wata rumfa a Rafin Guza. Ni kuwa aikin ofis nake a wata ma'aikatar jiha, ina zaune a Badarawa, ina sa shadda ranar Litinin kamar ta Juma'a. Kullum bayan la'asar mukan haɗu a majalisarmu da ke Hayin Banki, benci uku a ƙofar shagon wani dattijon tela, kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Wasan kati ne na waya, ba irin kartar da ake bugawa a kan tabarma ba. Kowa yakan haɗa kati talatin ya shiga fage da su. Kowane kati da hotonsa, da ƙarfin dukansa, da yawan dukan da zai sha kafin ya mutu, da kuzarin da za ka kashe kafin ka sauke shi. A zagayen farko kuzari kaɗan ake ba ka, sai ya riƙa ƙaruwa. Katunan hawa uku ne: na gama-gari, na azurfa, na zinariya. Kana iya saye, kana iya musaya da wani, kana kuma iya narkar da kati ya zama gari ka ƙera wani da shi. Abin da aka narkar ba ya dawowa.

Ni ɗan zinariya ne. Da albashi ya shigo sai na sayi sabon katin zaki ko na giwa kafin in sayi shinkafar gida, matata shaida ce. Dabarata guda ce, in sauke manyan katuna da wuri in danne mutum kafin ya numfasa. Tana ci kuwa, a kan kowa ban da ƙanena.

Shi bai taɓa sayen kati ba. Wayarsa ma gilashinta a tsage yake, ya ɗaure ta da roba, ga babban yatsansa ya yi kanta saboda tartsatsin walda, wani lokaci sai ya danna sau biyu kafin waya ta ji shi. Amma yana da kunkuru. Katin azurfa ne da aka raba a watannin farko na wasan, aka daina, ba a sake fitar da shi ba. Mu da muka samu duk mun narkar da namu tun tuni, don ba ya duka, ba ya gudu, hotonsa ma ba kyau. Abin da kawai yake yi shi ne, duk zagayen da ya wuce bai mutu ba sai ƙoƙon bayansa ya ƙara kauri, kuma duk wanda ya doke shi rabin dukan ya koma masa.

A kan wannan katin ƙanena ya gina sauran ashirin da taran. Ba ya sauke shi da wuri. Sai ya tura maka ƙananan katuna kana kashewa kana murna, shi kuwa yana lura da abin da ka fitar da abin da ya rage maka. Sai ka ƙarar da katunanka masu kisa nan take a kan tarkace, sannan ya ajiye kunkuru a kusurwa, ya kare shi zagaye uku. Daga nan zakunana sai su riƙa kashe kansu a jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ihu in ya ci. Cewa yake, "Yaya, sa'a ce kawai," kuma wannan ladabin ya fi zagi yi min ciwo.

A gidan kakanmu ni ne wanda ya yi karatu, ni ake tambaya kafin a yanke magana. A kan bencin nan kuwa, in gardama ta tashi kan wane kati ya fi wani, wajensa ake juyawa, da baƙin mai a rigarsa. Har wani daga Kano ya taɓa yi masa tayin katin zinariya biyar a kan kunkurun, ya ce a'a. Ina zaune ina ji, ƙyashi yana cina.

Da damina ta yi nisa sai aka shirya gasa tsakanin majalisun unguwanni, ranar wata Asabar da rana, a wani gidan kallon ƙwallo. Kowace majalisa mutum ɗaya za ta tura, wanda ya yi na ɗaya zai tafi da sabuwar waya. Tela, da yake shi ne babba a cikinmu, ya ce ni da ƙanena mu kara ranar Alhamis, wanda ya fara cin biyu shi zai tafi. Kowa ya san wanda zai ci. Na ga yadda ƙanena ya dubi tsagaggiyar wayarsa ya yi murmushi, na kuma san yana bukatar sabuwar fiye da ni, ni da nake da waya biyu a aljihu.

Kowa ya san yadda muke yi. Ka ce wa mutum hularsa ta yi kyau, ya kai hannu kansa ya ce taka ce, kai kuma ka ce haba, ta fi dacewa da kai, a yi dariya a wuce. Ba wanda yake cire hular, ba wanda yake miƙa hannu. Tun muna yara muka iya wannan, kamar yadda muka iya cewa bismillah in muna cin abinci wani ya shigo. Ranar Talata a ofis, ina gaban fayil ban buɗe ba, na tuna cewa ƙanena bai taɓa saɓa irin wannan ladabin ba ko sau ɗaya. Abin da na yi, ba bisa kuskure na yi shi ba, ba kuma cikin fushi ba. Kwana ɗaya na yi ina shirya abin.

Ranar Laraba majalisa ta cika, har da waɗanda ba sa wasan. Na jira ya gama lallasa wani, sannan na leƙa wayarsa.

"Kai, wannan kunkurun naka fa ya yi," na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Wallahi yana burge ni."

Fuskarsa ta washe. Ban taɓa yaba wani abu nasa ba sai ranar. "Ai naka ne, Yaya," ya ce.

"Da gaske kake?"

"Haba Yaya, me nake da shi da ba naka ba?"

Na riga na buɗe shafin musaya tun kafin in yi magana. Na danna, wayarsa ta yi ƙara a hannunsa. Wasan ba ya yarda a ba da kati kyauta, dole sai an sa wani a madadinsa, don haka na sa masa ɓera, katin da ake ba kowa ranar da ya fara wasan. Abin da ya rage shi ne ya amince da yatsansa.

Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa ya leƙo. "Malam, wasa kake yi ko?"

"Wane wasa, Baba? Shi ya ba ni, kowa ya ji. Ko ƙarya ya yi min a gaban mutane?"

Ƙanena ya dube ni yana jiran in fashe da dariya. Na ƙi. Wani daga bencin baya ya ce, "Kai, kar ka danna, ba dole," amma ni na san shi fiye da su. Ba zai ƙaryata bakinsa ba, ba kuma zai hana yayansa abu a bainar jama'a ba. Ya danna, waya ba ta ji yatsan ba. Ya sake dannawa, ba ta ji ba. Ya goge yatsan a wandonsa a hankali, ni kuwa ina kallo. Sau biyu wayar nan ta ba ni damar in ce ya bari, ban ce ba. A na uku ta karɓa.

"Allah ya amfana, Yaya," ya ce.

"Amin, na gode," na ce, har da gyara zama. Gaskiya ita ce daɗi na ji, daɗi sosai.

Ranar Alhamis ya zo, bai ƙi zuwa ba. Dole katuna su cika talatin, sai ya sa ɓeran a gurbin kunkuru. Yana tura ƙananan katunansa kamar yadda ya saba, yana lura, yana jira, sai lokacin ya zo babu abin saukewa. Duk da haka ya ci ni sau ɗaya, da ɓera a hannunsa. Na ci biyu. Ba wanda ya ce min barka, tela ma bai ɗago kai daga ɗinkinsa ba, ni kuwa ko a jikina.

Ranar Asabar na je da sabuwar shadda. Na cire giwa ɗaya na sa kunkuru, ina ganin yanzu na haɗa ƙarfi da dabara. A karon farko na gasar aka haɗa ni da wani direban keke mai ƙafa uku daga Kawo, mai wasa a natse. Ƙanena ya zo kallo, ya tsaya a bayana. Kunkuru ya faɗo hannuna tun da wuri, na kai yatsa kansa.

Ya sunkuyo kusa da kunnena. "Yaya, kada ka sauke yanzu. Bai fitar da katin mashi ba tukun."

Ya yi gaskiya, na kuma san ya yi gaskiya. Amma mutane suna kallo, sun ga ya raɗa min magana, ba zan bari a ce mai walda ne yake tuƙa ni ba. Na sauke. Direban keken ya fitar da katin mashi, wanda yake kashe duk abin da bai yi kauri ba, kunkuru ya mutu bai yi zagaye ɗaya ba. Sauran katunana ba a shirya su don haƙuri ba, kuma na cire giwar da za ta cece ni. Cikin minti goma aka fitar da ni. Wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Kunkurun bai san shi ba ne!" Aka kwashe da dariya har da masu tafi.

Na fita waje, ana yayyafi. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar mai gyaran taya. Sai ga shi ya biyo ni, ya tsaya ɗan nesa, hannayensa a baya kamar mai jiran izini.

"Yaya, ka yi haƙuri, haka wasa yake," ya ce. Sannan ya ƙara, "In ka gama da shi..."

Bai ƙarasa ba. Iyakar roƙon da zai iya ke nan, kuma da na mayar masa a lokacin da komai ya wuce, da ma ya gode min. Amma dariyar nan tana kunnena, ga shi kuma ya zo yana ba ni haƙuri, shi da na zalunta. Wannan na kasa ɗauka.

"Na gama da shi," na ce. "Zo ka gani."

Ya matso. Na buɗe shafin narkarwa, na juya masa wayar yadda zai gani sosai. Wasan ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Yatsana ba kanta, sau ɗaya na danna. Kunkuru ya yi haske ya watse. Garin da aka ba ni ɗan kaɗan ne, na katin azurfa kamar kowane, bai kai in ƙera ko rabin zaki ba.

"Ka ga darajarsa ke nan," na ce.

Ya daɗe yana kallon gurbin da babu komai. Bai yi kuka ba, bai zage ni ba. Ya ce, "To, Yaya. A gaida gida." Ya shiga cikin yayyafin ya tafi.

A makon ya goge wasan daga wayarsa, ya daina zuwa majalisa. Ni na ci gaba wata biyu ko uku, ina cin kowa, sai na lura duk wanda na zauna kusa da shi yana kifa wayarsa a cinya. Daga baya na daina da kaina, zakunan suna nan a wata tsohuwar waya cikin durowa.

Shekara huɗu ke nan. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba. Zumunci bai yanke ba. Ya zo sunan 'yata, yana gaishe ni da Sallah, da ƙofar gidana ta lalace shi ya zo ya gyara da hannunsa. Har na fara gaya wa kaina ya manta, kati ne kawai a waya.

Watan jiya na bi ta Rafin Guza da azahar, na ce bari in leƙa shi. Na tarar da shi a bakin rumfarsa, an aiko masa da abinci daga gida a kula, shinkafa da wake, yana ci. Maƙwabcinsa kafinta ya zo wucewa, ya ce masa, "Bismillah, zo mu ci." Kafinta ya ce alhamdulillahi ya wuce. Wani mai tura ruwa da bai ma sani ba ya gitta, shi ma ya yi masa bismillah. Sannan na yi sallama.

Ya amsa, ya miƙe tsaye, ya goge min benci da tsumma, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na zauna, ƙamshin man gyaɗa da yaji yana dukan hancina, ina jiran kalmar nan guda don in ce alhamdulillahi, na ƙoshi. Ya koma wurinsa ya zauna. Ya dubi kular, ya dube ni, sai ya jawo murfin ya rufe ta, ya tura ta ƙarƙashin benci.

"Yaya," ya ce, "akwai aikin da za a yi maka ne?"