Gurbina a Gayyar Citta

Mu goma sha ɗaya ne 'yan mata a aji shida na sakandaren ƙauyenmu da ke bayan Kwoi, kuma babu wadda ba a noman citta a gidansu. Idan damina ta ɗauke, maza su haƙe citta su jibge a tsakar gida, saura aikin mata ne: a zauna da wuƙa a fasa kowace saiwa biyu a tsaye, a kai kan dutse a shanya. Citta ba ta jira. In ta daɗe a jibge sai ta fara gumi, ta yi baƙi daga ciki, mai saye ya juya ta da ƙafa ya wuce. Shi ya sa tun zamanin yayyenmu 'yan matan aji shida suke yin gayya. Kowace Asabar a taru a gidan ɗaya a fasa musu tasu tas, uwar gidan ta yi faten acca ta dama kunu. Dokar ɗaya ce, ba a taɓa rubuta ta ba, amma kowa ya san ta: wadda ba ta zauna a tabarmar wasu ba, ba a zama a tata.

Da aka yi ƙuri'a da tsinken tsintsiya, gidanmu ya faɗo na tara. Na ji daɗi, domin mun fi kowa bukatar gayyar. Baba ya rasu tun ina firamare, yayana yana aiki a Kaduna, gidan daga ni sai Mama, ga gonar citta da Mama ta ƙi rage ko kunya ɗaya daga yadda Baba ya bar ta.

Kwana uku bayan ƙuri'ar malamin kemistiri ya kira ni ofishin malamai. Ya ce akwai wata cibiya a Kafanchan da ake koyar da darussan shekarar farko ta jami'a, wanda ya ci jarrabawarta kai tsaye aji biyu na jami'a zai shiga. Yawanci sai wanda ya gama sakandare ake ɗauka, amma ya nuna musu takarduna sun yarda su gwada ni. Kemistiri, fizis da bayoloji, daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, kowace Asabar. Ban ma tsaya na ji ƙarshen maganar ba na ce ina so. Sai da na fito na kai gindin mangwaron da muke taruwa na tuna da tsinken da na zara.

Ba zan yi wa kaina ado ba, kaina ya kumbura a makon nan. Ƙawata, 'yar maƙwabtanmu wadda tun muna ƙanana tare muke zuwa rafi, tare muke tsayawa a layin mawaƙa a coci, ita na fara gaya wa. Ta yi murna, ta rungume ni, sannan ta tambaye ni gayya fa. Na ce mata ai citta kowace shekara ana nomawa, wannan damar kuwa sau ɗaya take zuwa. Gaskiya na faɗa, amma yadda na faɗe ta ko ni aka gaya wa haka sai na ji haushi. Ta gyara ɗaurin kallabinta muka shiga aji.

Asabar ta farko na hau acaɓa zuwa Kwoi, na shiga motar Kafanchan, na iso da takalmin makaranta a ƙafata da biro uku. Ajin yana saman wani bene kusa da layin dogo. Duk wanda na tarar a ciki ya girme ni. Akwai waɗanda suka yi shekara uku suna neman jami'a ba su samu ba, akwai wata ma'aikaciyar jinya, akwai wani magidanci mai furfura a gemu. Turanci da Fijin, wato Turancin kasuwa, suke zubawa da sauri, suna dariyar abubuwan da ban sani ba. Suka sa mini suna Auta. Ba su tsane ni ba, ba su kuma damu da ni ba. In malami ya yi tambaya na amsa sai su juyo su dube ni, su koma ga wayoyinsu.

Karatun kansa ya ba ni kashi. Ni da na saba a ce ɗauki alli ki nuna musu, sai ga ni ina kwafar abin da ke allo kamar mai kwaikwayon zanen lalle, ban san kansa ba balle gindinsa. A gwajin farko na fizis na samu abin da ban taɓa gaya wa kowa ba har yau. Da tsakar rana su kan sauka su tafi cin shinkafa a rumfa, ni kuwa in zauna a kan wani tsohon ƙarfen jirgi bayan benen, in kwance dafaffen dankalin da Mama ta ƙulle mini. A daidai wannan lokacin na san an sauke tukunyar fate a wani gida a ƙauyenmu. Na san wadda za ta fara cewa gishiri bai ji ba, na san wadda za ta ɓoye nama a ƙasan kwano. Ina cin dankalina ina lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Kewa ce take cina, amma a lokacin da wani ya tambaye ni sai in ce gajiya ce.

Ranar Litinin ta fi Asabar wuya. 'Yan gayyar su zo makaranta da yatsu duk yanka, suna ƙamshin citta, suna ƙarasa hirar da suka fara a kan tabarma. In na matso sai hirar ta lafa, ba don mugunta ba, sai don dole a koma a faro mini daga farko, kuma labarin da aka maimaita ba ya ba da dariya. Suka fara kirana Dakta. Ni ma da zuciyata, sai na daina zuwa gindin mangwaro, na koma ɗakin gwaje-gwaje lokacin tara ina fama da lissafin da ya fi ƙarfina. Ƙawata ta daina biyo mini da safe. Ni ma ban biya mata ba, ina jiran ta fara.

Bayan Asabar ta biyar tsoro ya kama ni. Na ƙirga na ga saura mako huɗu a zo kanmu, ni kuwa ban fasa wa kowa ko saiwa ɗaya ba. Sai na yi dabara irin ta mai ganin kansa da wayo. Na samo littattafan rubutu guda goma, na zauna na tsara musu kemistirin da za a yi mana a jarrabawar fita, da rubutuna mai kyau, har da jan biro a ƙarƙashin abin da ya fi fitowa. Mako biyu na yi ina wannan aiki. Na kai musu gindin mangwaro na raba, na ce wannan shi ne nawa hannun a gayya.

Ƙawata ta buɗe nata, ta duba shafi biyu, ta rufe, ta miƙo mini.

"Mun gode, Dakta," in ji ta. "Amma mu ba mu ce miki mun kasa karatu ba."

Sauran suka ajiye nasu a kan benci ɗaya bayan ɗaya. Na kwashe su na rungume. A hanya na yi ta zaginsu a zuci, na ce hassada ce. Sai daga baya na gane abin da na yi: sun nemi in zauna tare da su, ni kuma na aika musu da shaidar cewa na fi su.

Ana saura kwana biyu Asabar ɗinmu, 'yan haƙa suka gama, citta ta cika tsakar gida har bakin ɗakin girki. Na tsaya ina kallon tulin nan. Mu biyu ko mako uku muka yi ba za mu gama ba, rabinta ruɓewa za ta yi, kuma ni na jawo. Na ga Mama tana auna acca mai yawa, na ce mata ta rage, babu mai zuwa, na faɗa mata duk yadda aka yi. A gida yarenmu muke yi, amma in Mama tana so ta yanke magana sai ta koma Hausarta ta kasuwa, wadda kowa "ka" ne a cikinta, har ni.

"Wanke accan nan duka," ta ce. "Kai dai ka tafi makarantarka."

Da Asabar ɗin ta zo, ban tafi ba. Karo na farko ke nan da na ƙi zuwa Kafanchan. Na ce in ma kunya za a sha, gara mu sha tare. Na tashi da sassafe na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi, na wasa wuƙaƙe biyu, na zauna ina kallon ƙofa.

Rana ba ta gama ɗagowa ba na ji muryoyinsu daga bayan danga. Su goma cif suka shigo, kowace da wuƙarta da kujerarta 'yar tsuguno. Na miƙe, na buɗe baki zan yi musu sannu da zuwa, sai na ga ba ni suke kallo ba. Kan Mama suka yi. Wata ta ce mata yau dai ba ta makara ba tunda a gidanta ake yi. Wata ta tambaye ta ko bayan ya daina ciwo. Suna kiranta 'yar ajinmu, tana rama musu, suna shewa. Ƙawata ta ja kujerar Mama ta ajiye kusa da tata ba tare da ta tambaya ba, kamar wurin da aka saba.

A tsaye na fahimci komai. Asabar takwas, ina hawa acaɓa Mama tana ɗaukar wuƙarta ta tafi gidan da ake gayya. Mace mai jikoki a Kaduna, shugaba a zumuntar matan coci, ta zauna a tsakiyar 'yan makaranta tana biyan zaman da ya kamata in yi. Ta roƙe su kada su gaya mini don kada hankalina ya rabu, su kuma suka riƙe mata.

Na ɗauki wuƙata na nemi gefen tabarma. Wata ta tashi da sauri ta shiga ɗakinmu, ta fito da kujerar roba da muke ba fasto in ya zo, ta ajiye a inuwa.

"Abeg, Dakta, zauna nan. Kar ki yanke hannun biro."

Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da zagina suka yi da na san abin da zan ce. Na ƙi kujerar, na tsuguna a ƙarshen tabarma na fara fasawa. Hannuna ya manta aikin, kafin in gama ɗaya sun gama uku. Ba a jima ba na yanke babban yatsa, ruwan citta ya shiga, hawaye ya zubo mini, na bar su suka ɗauka yajin ne. Suka yi waƙoƙin da muka saba, har da wata sabuwa da Mama ta koya musu da yarenmu, wadda ni 'yarta ban taɓa ji ba. Da aka sauke fate, ni aka fara zuba wa, a kwanon baƙi.

Kafin la'asar tulin ya ƙare, dutsen bayan gidanmu ya yi fari da citta. Suka yi wa Mama sallama ɗaya bayan ɗaya, suna tuna mata gidan da za a je mako mai zuwa. Ƙawata ce ta ƙarshe. Ta tsaya a ƙofa ta dubi yatsana da na naɗe da tsumma, ta ce in sa man kaɗanya. Na ce to. Muka tsaya kamar akwai sauran magana, sannan ta bi sauran.

Da yamma ina wanke tukwane na ce wa Mama na bar Kafanchan. Saura gida biyu, ni zan je, ita ta huta. Na ce karatun ma ba na ganewa, can ba ni da kowa, nan ma ba ni da kowa. Ta bar ni na gama har da kukan. Sannan ta ce, da yarenmu a hankali, ita ba ta yi Asabar takwas a tsugune don in dawo in karɓi wuƙa ba. Ta ce gurbin da ta riƙe na gidan nan ne, citta kuma ta shanyu. Na tambaye ta nawa gurbin fa. Ta goge hannu a zani, ta ɗauki tukwanen da na wanke ta shige ɗakin girki.

Asabar ta goma muka fito tare, ni da jakar littattafai, ita da kujerarta a ka da wuƙa a naɗe a bakin zani. Muka taka har mararrabar da 'yan acaɓa suke tsayawa. Daga can hanyar gangare na hango ƙawata tana tahowa. Ta ɗaga mini hannu daga nesa, na ɗaga mata. Ta iso ta sauke kujerar daga kan Mama ta ɗora a nata, suka juya suna magana ƙasa-ƙasa, Mama tana ɗan ɗingishi.

Ɗan acaɓa ya tambaye ni ko ni kaɗai ce ko akwai wanda za mu jira. Na ce ni kaɗai ce, mu tafi.