Larabobin da Serbar Ta Haɗiye

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu wanda ya kai ni sanin ordinater, wato kwamfuta, daga Tasawa har Mayahi, na yi aiki da wata ƙungiya mai kafa famfunan ruwa masu aiki da hasken rana a ƙauyuka. Aikina bai da wuyar faɗi. Kowane famfo mun liƙa masa wani ɗan akwati mai layin waya a ciki, shi ke auna ruwan da ya fita, kowace awa ya tura saƙo ta rezo, wato sabis ɗin waya. Saƙon yana sauka ne a wata babbar ordinater da muke haya a can wata ƙasa, wadda muke kira serbar. Ni ban taɓa ganinta da idona ba har yau. Daga can take jero mana lissafin a allo, ni kuma ina zaune a buro, ofishinmu na Tasawa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina kallon ruwan Maijirgi da na Kanan-Bakashe suna hawa suna sauka. Wallahi a lokacin ji nake kamar ni ke ba mutane ruwan.

A cikin famfunan akwai na wani ƙauye a hanyar Gidan Amumune, mai kasuwa ran Laraba. Wanda ke riƙe da makullinsa wani dattijo ne Bafillace, da suka daɗe da zama a gefen garin da 'yan shanunsu. Baffa nake ce masa, kamar kowa. An ba shi makullin ne saboda tun kafin a san za a yi famfo shi ke raba rigimar layi a bakin ruwa, kuma ba a taɓa jin ya fifita nasa ba. Dokar wurin ita ce mata su cika jarkokinsu tukuna, sannan a saki ruwa a kwamin dabbobi. Duk zuwan da na yi duba akwatin, sai ya sa an dama mini fura, ya tsaya daga nesa yana kallona ina taɓa wayoyi, ya ce, "Yaro, abin naku yana lahiya?"

Wata biyu da kafa akwatin, shugabanmu ya kira ni ofishinsa, ya juyo mini allo. Kowace rana famfon Baffa yana nuna ruwa, ban da Laraba. Laraba sifili. Ya ja lissafin baya, Larabar da ta wuce sifili, ta bayanta ma haka, har takwas a jere. Ya ce, "To, injiniya, mene ne wannan? Ko akwatinka ya lalace?"

Nan fa girman kai ya motsa. Akwatina? Ni da na haɗa shi da hannuna? Na ce masa da lalacewa ce da ba za ta zaɓi rana ba. Abin da ke aiki Talata, ya yi aiki Alhamis, ba zai kwanta Laraba don kansa ba, sai dai in wani ne ke kwantar da shi. Haka na faɗa, da bakin nan nawa, ban ko tashi daga kujera na je na duba ba.

Shugaba ya buga wa shugaban komitin ruwa na ƙauyen waya. Ashe shi kuwa dama yana da surukin da ya daɗe yana so a ba makullin. Nan take ya kawo bayani mai kama hankali: ran kasuwa ne dangin Baffa ke kwararowa daga daji da garkunansu, don haka yake zare wayar akwatin ya shayar da su yadda ya ga dama, ba wanda zai gani a Tasawa. Kowa ya san ruwa na zuba ran Laraba, allo kuma ya ce bai zuba ba, makullin ɗakin akwati kuwa hannun mutum ɗaya yake. Magana ta zauna daram.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka tara mutane. Ni aka tura da takardar da na buga daga allon, na ɗaga ta sama kamar wani alƙali. Baffa ya saurara har aka gama, sannan ya dube ni ya ce, "Yaro, ni ban san karatu ba. Amma wayar ga da kuke faɗi, ban taɓa sa mata hannu ba, ko ƙura tsoron share mata nikai."

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, amma akwati ba ya ƙarya."

Baffa ya miƙe. Ya kwance makullin daga igiyar wuyansa ya ajiye a kan tabarma, ba a hannun kowa ba, ya sa takalmansa ya tafi. A wannan zaman aka ba surukin shugaban komiti makulli, aka kuma yanke cewa daga ranar shanun makiyaya ba za su ƙara shan ruwan kwamin ba, sai na 'yan gari. Na hau moto na dawo Tasawa ina jin na kama ɓarawo da ilimi.

Mahaifiyata ce ta tona ni, ba tare da ta sani ba. Bayan kamar mako uku ta ce man shanun kasuwar Tasawa duk gauraye ne, tunda ina da moto kuma na san hanya, in je mata waccan kasuwar ta Laraba in sawo na gaske. Na yi ta kawo uzuri, ta ce, "Kai dai ka ce ƙyuya." Dole na tafi.

Na isa da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, amalanken jakai da 'yan kabu-kabu ko'ina. Na samu man, kala biyu, na ce bari in kira ta in ji wanne take so. Waya ta ƙi shiga. Na sake, ta ƙi. Na hau wani tudu ina ɗaga wayar sama, mai man tana kallona tana dariya, ta ce, "Malam, kada ka wahal da kanka. Yau Laraba. Rezo ba ya dawowa sai kasuwa ta watse, bayan isha'i."

Na ce, "Kowace Laraba?"

Ta ce, "Yo mutanen ga duka kowa da waya a kunne, ƙarfen rezo guda zai ɗauke su?"

Na bar man a wurinta na nufi famfo da sauri. Layin jarkoki har bakin hanya, ruwa na zuba, sabon mai makulli yana ta gumi. Na sa ya buɗe mini ɗakin akwati. Fitila na ci, waya na nan a maƙale yadda na bar ta, ba wanda ya taɓa komai. Washegari da sassafe na buɗe allo a buro. Larabar da na tsaya da ƙafata na ga ruwa na zuba, sifili.

Sai a sannan na tuna abin da na yi da hannuna. Farkon aikin, akwatunan kan maimaita tura saƙo ɗaya sau biyu ko uku in rezo ya yi rauni, lissafi ya riƙa ninkuwa. Maimakon in zauna in gyara abin yadda ya kamata, sai na yi dabarar malalaci: na umarci serbar cewa duk saƙon da ya makara fiye da awa biyu, ta ɗauke shi maimaici ne, ta jefa shi gefe. Akwatin Baffa kuwa bawan Allah yana auna ruwansa tun safe, yana ajiyewa, yana jiran rezo. In kasuwa ta watse ya turo duka a tare, serbar ta duba ta ga sun makara, ta watsar. Na buɗe inda take zubar da su. Ga su nan jere, kowace Laraba, awa bayan awa. Har ana ganin lokacin da yake gama ba mata ruwa kafin ya saki na dabbobi, daidai yadda doka ta ce, bai taɓa saɓawa ba ko sau ɗaya.

Na kwashi ordinater na shiga wurin shugaba ko sallama ban yi da kyau ba. Na nuna masa komai. Na ɗauka zai dafe kai ya ce mu tashi mu tafi ƙauyen yanzu. Ina! Ya gyara zama ya ce, "Bon. Ka gyara abin, shi ke nan. C'est une erreur technique." Wai kuskuren na'ura ne kawai.

Na ce, "Dattijon fa?"

Ya ce, "Wane dattijo? An riga an wuce wurin. In muka koma muka ce allonmu ya yi kuskure, gobe wa zai yarda da shi? Masu ba mu tallafi wannan allon suke kallo daga ƙasarsu. Kana so su ce duk rahoton da muka tura musu shirme ne?"

Jama'a, ban taɓa jin raina ya ɓaci irin na ranar ba. Mutum an kira shi maha'inci a ƙofar masallaci, gaban 'ya'yansa da surukansa, an kori shanun mutanensa daga ruwa a tsakiyar bazara, amma abin da ake tsoron ya ji kunya shi ne allo! Allo da ba shi da fuska, ba shi da 'ya'ya, ba ya zuwa Juma'a. Na ce masa lokacin da za a karɓe makulli ba a ce erreur technique ba, taro aka yi. Ya ce in rage murya, nan buro ne. Na ce na sani, ai a buron aka yanke wa mutumin hukunci ba a tambaye shi ba. Daga ƙarshe abin da ya iya yi shi ne rubuta wata takarda da Faransanci, layi uku, wai an gano ɗan tangarɗa an kuma gyara. Ba sunan Baffa a ciki, ba kalmar haƙuri. Ya ce in kai wa shugaban komiti, mutumin da shi kansa sai an karanta masa.

Ni ma fa ba wanke kaina nake yi ba. Rabin fushin da nake yi da shugaba, da kaina nake yi, shi dai ya samu ne don yana gabana.

Ran Juma'a na koma ba da izinin kowa ba. Na fara zuwa rugar Baffa. Na same shi yana ɗaure ɗan maraƙi, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe komai na faɗa masa, har da dabarar malalacin. Ya gama ɗaure maraƙin, sannan ya ce, "To wa ya yi ƙaryar, ni ko akwatin?"

Na ce, "Ba kai ba, Baffa, ba kuma akwatin ba. Ni ne."

Ya ce, "Nan ka zo ka faɗa mini, ni da maraƙi. Can aka faɗi waccan."

Bayan sallah na roƙi liman ya tsayar da mutane, na miƙe a daidai inda na ɗaga takarda rannan, na faɗa da Hausa, ba Faransanci ko ɗaya. Na ce Baffa bai taɓa waya ba, ni na yi kuskure, ni na kuma yi masa ƙazafi. Wasu suka yi salati, wasu suka sunkuyar da kai. Shugaban komiti ya yi ta gyaran murya, ya ce to Alhamdu lillahi gaskiya ta fito, shanun makiyaya su dawo kwami, amma makulli an riga an ba wani, karɓewa kuma zai kawo wata fitinar. Ba wanda ya ce masa kanzil. Mutanen da Baffa ya shekara yana raba musu faɗa a bakin ruwa, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Wannan shirun har yau yana ci mini rai fiye da maganar shugabana.

Ban daɗe a ƙungiyar ba bayan haka. Har yanzu irin aikin nake yi, akwatuna na turo saƙo, serbar na karɓa, amma ban ƙara bari ta zubar da saƙo don ya makara ba, kuma in allo ya nuna mini abin da zai taɓa mutuncin wani, sai na zuba esansi a moto na je na gani da idona. Wani abokina yana yi mini tsiya wai na zama injiniyan da bai yarda da injinsa ba. Na ce masa na yarda da shi sarai, kaina ne ban yarda da shi ba.

Bara hanya ta bi da ni ta ƙauyen. Famfo na nan yana aiki, shanun makiyaya na sha a kwami, ban da na Baffa. Na same shi can bayan gari a wata tsohuwar rijiya mai zurfi, shi da jakinsa suna jan guga, ga tsufa ya kama shi sosai. Na karɓi igiyar na taya shi, hannuna ya yi ja kafin guga uku. Na ce, "Baffa, don Allah, ga ruwa can a sauƙaƙe, kowa ya san ba ka yi komai ba. Mi ya sa kake wahal da kanka?"

Ya juye gugan a kwami, ya jira shanun suka sa baki, sannan ya ce, "Yaro, rijiyar ga ba ta aika labarina ko'ina."