Na Kai Ruwan Rijiyarmu Zariya

Litinin: daga gida zuwa Ƙofar Doka

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na ja ruwa a rijiyar gidana, na cika kwalbar da Bilkisu ta aiko, na sa ta a kula da ƙanƙara. Bilkisu 'yar wan matata ce, tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Zariya. Ta ce kada ruwan ya wuce awa shida a hanya.

Matata Ramatu ta rasu wata huɗu da suka wuce. Ciwon ya fara daga mafitsara, ya hau ƙoda, ya shiga jini. Shekara biyu tana ce mini rijiyar ta yi kusa da masai, ni kuwa ina cewa sai bayan girbi. Ranar sadakar uku wanta, Alhaji Sani, ya ce a gaban mutane ruwan ƙauye ne ya cinye masa ƙanwa. Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan. Bilkisu ce ta ce sun ajiye ƙwayar cutar da aka samu a jikin gwaggonta, in kawo ruwan a gwada su a gani.

Babur ya kai ni Soba cikin minti ashirin. Motar Zariya ta tashi bakwai saura kwata. Bayan Maigana wani jami'i a shinge ya buɗe kular, ya ɗaga kwalbar.

"Baba, har ruwa ake kai wa 'yan birni?"

"Shi ma asibiti za shi," in ji direba. Aka yi dariya, muka wuce.

A gadar Galma tururi yana kwance bisa kogi. A nan marigayiya kan farka daga gyangyaɗi ta gyara mayafi, ta ce ta ji ƙanshin gida. Na ɗan matsa jikin ƙofa kamar ina ba wani wuri. Takwas da minti goma Keke Napep ya sauke ni Ƙofar Doka, inda Bilkisu ke jirana. Ta karɓi kular da hannu biyu, ta ce sai Laraba.

Talata: cikin birni

Gidan Alhaji Sani na sauka. Ya ba ni ɗakin zaure, gaisuwarmu ba ta wuce lafiyar iyali ba. Matarsa Hajiya Ladi ta aiko da koko da ƙosai, da rana tuwon shinkafa, amma ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Na yini ina bin lungunan da Ramatu ta girma a ciki. Katangun ƙasa sun sha ruwan damina sun yi duhu. A wani zaure masu ɗinkin riga suna jan zare ba mai magana. Sau biyu na hango mace da irin tafiyarta ta sha kwana, ban bi ta ba.

Laraba: ɗakin gwaji

Goma daidai Bilkisu ta shigar da ni. Ta nuna mini faranti biyu na roba, a kowanne ɗigo-ɗigo ja kamar an yayyafa gero. Ɗaya na rijiya, ɗaya na marigayiya. Ni dai ban ga bambanci ba.

Ta ce ido ba ya raba su, sunansu ma ɗaya. Wannan ƙwaya tana zaune a hanjin kowa, mutum da dabba, yawancinta ba ta cutarwa. Amma tana da zuri'a-zuri'a, kuma a cikin ƙwayar halittarta ake karanta asalin kowace. Ta ɗauko hoto mai gajerun layuka masu haske. Ta rijiya, in ji ta, daga gidan da suke kira B ta ɗaya take, irin da ake yawan samu inda kashin dabbobi ya taɓa ruwa, wasu cikinsu kan sa gudawa. Ta gwaggonta kuwa B ta biyu ce. 'Yan wannan gida suna da wasu ƙananan ƙugiyoyi da suke maƙale mafitsara har fitsari ya kasa wanke su, kuma suna iya satar ƙarfen da ke cikin jini su rayu.

"Baba, wadda ka kawo ba ta da ƙugiyoyin. Iyakar abin da gwaji ya nuna, ba ita ba ce. Amma ruwan nan bai dace da sha ba."

Na nemi kujera. Ta ƙara da cewa da an kama ciwon da wuri, mai yiwuwa da magani ya ci shi, kuma ga alama ya daɗe a jiki.

Da la'asar Hajiya Ladi ta zo bakin zaure ta tsaya bayan labule. Bilkisu ta riga ta gaya mata sakamakon. Hajiya ta ce tun bara Ramatu ta faɗa mata tana fama da ciwon sanyi, ta roƙe ta kada maza su ji, don ba ciwon da mace ke kai wa miji ba ne. Wata bakwai tana aika mata da jiƙe-jiƙe a cikin kayan miya.

"Malam Idi, ni na riƙe mata sirri. Na zaci taimako nake yi."

Na tuna ƙullin da nake karɓowa daga tasha da hannuna. Na ce mata Allah Ya san niyyarta.

Alhamis: komawa

Bayan sallar asuba Alhaji Sani ya tambaye ni abin da takardar gwajin ta ce. Na ce ba rijiyar ba ce, amma zan cike ta.

"To daga ina?"

Ina jin motsin kwanukan Hajiya Ladi ya tsaya a tsakar gida.

"Yaya Alhaji, daga jikinta ne. Kowa yana ɗauke da irinta."

Bai janye maganarsa ba, amma da kansa ya rako ni har Ƙofar Doka a ƙafa, ya ce in gaida yara.

Mota ta tashi tara, na shiga gida sha ɗaya da rabi. Kafin in ci abinci na kira 'ya'yana mata biyu, na ce duk wadda ta ji zafin fitsari ta gaya mini, ko ta aiko a gaya mini. Suka sunkuyar da kai. Ni ma kunyar nake ji, amma na maimaita.

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bilkisu da masu masaukina. Allah Ya jiƙan Ramatu.